Yadda Ake Rainon Karen Kiwo Mai Tashen Balaga Da Motsa Masa Jiki

Kwikwiyon karen kiwo yana da saurin ruɗar mai shi. Yana wata 4 ka ce ya zauna ya zauna, ka kira shi ya sheƙo a guje, har ka soma ɗaukar kanka gwanin horar da karnuka. Da ya kai wata 7 ko 8 sai a wayi gari ya yi kunnen ƙashi. Ka kira sunansa ya waiwayo ya dube ka, ya ci gaba da sha'aninsa. Ya tsiri bin keke da babur, yana kai wa yara cafka a dunduniya in suna gudu, yana tone ƙasa, yana yayyaga duk abin da bakinsa ya kai gare shi. Tashen balaga ke nan. A yawancin karnukan kiwo yakan kama daga wata 6 zuwa wata 18, wasu ma sai sun cika shekara 2 hankalinsu ke dawowa jikinsu.

Ba kai kaɗai ba ne, kuma karenka bai lalace ba. A shekarar 2020 Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da ke Ingila da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi kan karnukan da ake raino don yi wa makafi jagora. Sun ga cewa kare ɗan wata 8 ya fi ɗan wata 5 ƙin bin umarnin "zauna" idan mai rainonsa ne ya faɗa, amma in baƙo ne ya faɗa sai ya bi. Da karnukan suka kai wata 12 kuwa, masu rainonsu sun ce jin maganar ya dawo.

Shawarar da kowa zai ba ka ita ce ka gajiyar da shi. Rabin gaskiya ce. Karen da aka tace jinsinsa don ya wuni yana zagaye tumaki a kan tuddai ba za ka ƙure shi da gudu ba, kai ne za ka fara zubewa. Duk abin da ka ƙara masa yau jikinsa zai saba da shi, gobe ya nemi ƙari. Abin da ke kwantar da irin wannan kare shi ne motsa jiki daidai gwargwado, da aikin da zai sa shi tunani, da kuma koya masa hutawa, wanda shi ne aka fi mantawa da shi.

Mataki na farko: ka san aikin da ke cikin jininsa

Kiwo da kare farauta ce da aka datse mata ƙarshe. Kerkeci yakan hango dabba, ya kafa mata ido, ya yi sanɗa, ya kora, ya cafke, ya kashe. Makiyaya sun daɗe suna zaɓar karnukan da kafa ido da sanɗa da kora suka yi ƙarfi a jikinsu, kisan kuwa ya yi rauni. Kowane jinsi da inda aka fi ƙarfafa masa.

Border Collie, ɗan iyakar Ingila da Sikotland, mai tarowa ne. Yakan yi faffaɗan zagaye ya ɓullo ta bayan garke, ya sunkuyar da kai, ya tuƙo tumakin zuwa wurin makiyayi da ido kawai. Kusan duk na yau suna da jinin wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun Adam Telfer a yankin Northumberland, kuma ya yi suna ne saboda yadda yake sarrafa tumaki shiru babu haushi. Australian Cattle Dog mai korawa ne daga baya. An samar da shi a Ostireliya a ƙarni na 19, da jinin karen dajin nan dingo a jikinsa, don ya riƙa cizon dunduniyar shanu masu taurin kai. Corgi ma haka yake aiki duk da gajartarsa. Australian Shepherd, duk da sunansa, a gonakin kiwo na yammacin Amurka aka raya shi. German Shepherd, wanda Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a Jamus a 1899, aikinsa na asali sintiri ne a gefen garke don kada tumaki su faɗa gonar mutane, shi ya sa za ka ga naka yana kai da komo a jikin katanga. Malinois na Beljiyam shi ne ya fi su duka zafin nama, kuma ba na ba wanda bai taɓa riƙon kare ba shawarar ya fara da shi.

Ka ɗauki mako guda kana lura kafin ka canza komai. Me ke sa shi ya sandare ya kafa ido? Mota ce, yara ne, kaji ne, ko inuwa? Daga wace tazara yake fara rikicewa? Da wane lokaci na yini ya fi hauka? Ka rubuta. Da wannan za ka yi aiki a sauran matakan.

Mataki na biyu: ku je wurin likitan dabbobi

A tabbatar allurar rigakafinsa ta cika, musamman ta haukan kare da ta cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma. Akwai kuma abubuwa uku da suka shafi karen kiwo musamman, waɗanda ya kamata ka tayar da maganarsu ko likitan bai tayar ba.

Na farko magani. Wasu karnukan kiwo suna ɗauke da wani lahani na gado da ake kira MDR1, wanda aka gano a Jami'ar Jihar Washington a 2001. Kare mai wannan lahani, wasu magunguna sukan ratsa su shiga ƙwaƙwalwarsa su taru. Ya fi yawa a Collie mai dogon baki, da Australian Shepherd, da Shetland Sheepdog, yana da ƙaranci a Border Collie. Maganin da ya fi yin ɓarna shi ne ivermectin idan an ba da shi da yawa, irin wanda ake ɗura wa shanu da dawaki, sai kuma loperamide da mutane ke sha don tsayar da gudawa. Kare ma yana iya guba idan ya ci kashin dabbar da aka yi wa ɗuri kwanan nan. Ana gwajin wannan lahani da yawun baki ko jini, sau ɗaya ne a rayuwarsa. Kada ka taɓa ba shi maganin dabbobin gona da ka.

Na biyu ƙashi. A bakin dogayen ƙasusuwan ƙaramin kare akwai guringuntsi mai laushi, ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. Ba ya gama ƙanƙarewa sai wajen wata 12 a matsakaicin kare, har wata 18 a manya irin German Shepherd. Kare ɗan wata 9 a ido ya gama girma, a ƙashi kuwa da saura. Ka nemi likita ya lalubi ƙugunsa da gwiwoyinsa, domin gocewar ƙugu ta zama ruwan dare a wasu daga cikin waɗannan jinsuna.

Na uku fiɗiya. Mutane kan yi gaggawar fiɗiye kare da zaton zai natsu. Tana iya rage yawon neman mace, amma ba ta rage kuzarin kiwo ko kaɗan. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna German Shepherd da aka fiɗiye kafin ya cika shekara ya fi fuskantar ciwon gaɓoɓi. Ku tsayar da lokacin kai da likita gwargwadon jinsin karenka. In karya ce, ka sa ran za ta fara neman barbara tsakanin wata 6 da 12, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. A wannan lokaci ba ta fita sai da igiya.

Mataki na uku: motsa jiki, da tarkon ƙwallo

Babu wani adadi guda da ya dace da kowane kare. Akwai wata ƙa'ida da ake yawan maimaitawa, wai minti 5 na tafiya ga kowane wata na shekarunsa, amma babu wani ƙwaƙƙwaran bincike a bayanta, kuma karen kiwo ɗan wata 8 da aka tsayar a kan minti 40 zai cinye maka kujeru. Ga lafiyayyen kare mai tashe, ka fara da awa ɗaya zuwa biyu a rana, a raba gida biyu ko uku, sannan ka duba yadda yake bayan kun dawo. In ya sha ruwa ya kwanta ya yi barci, kun yi daidai. In ya dawo yana zarya, idanu a waje, yana kai cizo, to ba ƙarancin gudu ke damunsa ba, tsumuwar ce ta yi yawa.

Irin motsin ya fi yawansa muhimmanci. Motsin da kare ya zaɓa da kansa, ya yi gudu ya tsaya, ya shinshina, ya hau tudu ya gangaro, wannan yana gina masa tsoka ba tare da cutar da gaɓoɓi ba. Motsin da aka tilasta masa, iri ɗaya ana ta maimaitawa, shi ne abin gudu kafin ƙashi ya ƙanƙare: bin keke a kan kwalta, doguwar sassarfa tare da mai gudun motsa jiki, tsalle mai tsawo, dirowa daga bayan mota. Don haka babbar fitarku ta yini ta kasance a fili mai ciyawa ko ƙasa mai laushi, da doguwar igiya ta mita 5 zuwa 10 a ɗaure a ɗamarar ƙirji, ba a abin wuya ba, don kada ya kwasa da gudu igiyar ta ƙare ta fizge masa wuya. Ka bar shi ya ja ragamar tafiyar. In ya tsaya minti biyu yana shinshinar gindin bishiya, ka tsaya. Ka riƙa sauya wuri, domin sabon fili da sabbin ƙamshi sun fi gajiyar da shi a kan tsohuwar hanya mai ninkin tsawo. In akwai ruwa mai tsabta wanda ba ya gudu da ƙarfi, iyo yana da kyau ƙwarai, don babu nauyi a kan gaɓoɓi.

Sai ƙwallo. Ita ce mafi sauƙi ga mai kare: kana tsaye wuri ɗaya, kana jifa, shi yana kai da kawowa har harshe ya zazzago. Amma ka lura da abin da jikinsa ke yi a kowace jifa. Ya tashi da cikakken gudu, ya taka birki nan take, ya murɗe, wani lokaci ya yi sama ya diro a karkace. Sau hamsin a jere, kullum. Ga shi kuma kowace jifa tana hura masa wutar kora, wato daidai abin da kake son ragewa. Karnukan kiwo da yawa sukan kamu da ƙwallo har su daina shinshina, su daina kula sauran karnuka, ido na kan hannunka kawai.

Ban ce ka jefar da ita ba, ka sa mata doka. Ku fara da tafiya ta minti 5 zuwa 10 jiki ya warware. Ka ce ya zauna, ka riƙe ɗamarar, ka jefa ƙwallon cikin doguwar ciyawa, ka jira ta faɗi ta tsaya, sannan ka sake shi ya nemo ta da hanci. Ta haka ka mai da wasan kora wasan nema, ka kuma koya masa daurewa alhali abu na motsi a gabansa. In za ka jefa ya bi, ka gangara ta ƙasa-ƙasa. Jifa biyar zuwa goma ta isa. Ka ce "shi ke nan", ka sa ta a jaka, kuma duk irin kallon da zai yi maka kada ka sake fito da ita. A cikin gida kada a bar ƙwallo a yashe.

Ja-in-ja da igiya mai kauri ko tsumma shi ma wasa ne mai amfani, musamman ga masu son cizo. Dokokinsa: ba ya kamawa sai ka ce "kama", yana saki in ka ce "saki", in haƙori ya taɓa fatarka wasa ya tashi. Koya "saki" ba wuya: ka daskarar da hannunka, igiyar ta mutu, da ya buɗe baki ka yaba masa ka sake ba shi.

Ka kiyayi zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. Matsalar karen kiwo ita ce ba ya cewa ya gaji, zai ci gaba har ya faɗi. A lokacin zafi ku fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ka riƙe ruwa, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta na ɗan lokaci, in ba ka iya jurewa shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. In ka ga harshe ya yi faɗi ya yi ja sosai, yawu na dalala, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki nan take, sannan ku garzaya asibiti. Haka nan kada ya yi gudu da cikakken ciki. A bar aƙalla awa guda tsakanin abinci da wasa mai ƙarfi, musamman ga masu zurfin ƙirji irin German Shepherd da ke da haɗarin murɗewar tumbi.

Mataki na huɗu: ka sa hancinsa da kansa aiki

Ka daina zuba masa duk abincinsa a kwano. Ka ɗebi rabin busasshen abincin da zai ci a yini ka mai da shi ladan aiki. Mafi sauƙi, ka watsa hannu guda cikin ciyawa ka ce "nemo". Abin da zai lamushe cikin minti ɗaya a kwano sai ya kai shi minti goma sha biyar. Daga nan ka fara ɓoyewa: farko yana kallonka, sannan ka fitar da shi ka ɓoye a wurare uku masu sauƙi, sannu a hankali ka kai ga ƙarƙashin kwali, saman dutse, bayan ƙofa.

Horon umarni kuma gajere ake yi, minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana. Ka zaɓi kalma guda gajera, kamar "yauwa", wadda za ka faɗa a daidai lokacin da ya yi abin da kake so, ladan ya biyo baya nan da nan. In ya kasa sau biyu a jere, ka sauƙaƙa, kada ka ɗaga murya. Ku tashi tun yana marmari. Bayan zauna da kwanta da jira, ka koya masa taɓa tafin hannunka da hanci, ja da baya, zagaya bishiya ta dama da ta hagu, ɗauko abu da sunansa. Kan nan nasu yana ɗaukar kaya: wata Border Collie mai suna Chaser, wadda farfesa John Pilley ya horar a jihar Karolina ta Kudu, ta riƙe sunayen abubuwan wasa 1,022. Sai dai saurin koyon nan kaifi biyu gare shi. In ya yi haushi sau biyu ka jefa masa abin wasa don ya yi shiru, ya riga ya koyi yadda ake sa ka jifa. In kana ƙara masa ɗan nama ko makamancinsa a matsayin lada, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini.

Duka ba ya aiki a kan waɗannan karnuka. Suna karanta fuska da murya fiye da yadda ake zato, wanda aka doka ko dai ya zama matsoraci ko ya fara kare kansa da haƙori. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa horo da lada ne ya kamata a bi, yankin Wales na Birtaniya kuma ya haramta abin wuya mai jan lantarki tun 2010. Wani abu guda da ba a yi ko da wasa: haska masa ɗigon jan haske ko tocila a ƙasa ya bi. Karen kiwo na iya zarcewa da bin haske da inuwa har ya zame masa ciwo mai wuyar magani.

Mataki na biyar: ka koya masa kwanciya

Nan ne aikin yake. Babban kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a yini, mai tasowa yana buƙatar fiye da haka. Amma karen kiwo, in ba a koya masa ba, duk wanda ya motsa a gida sai ya miƙe ya bi shi. Haukan nan da yake yi da magariba, yana zagaye ɗaki yana cizon hannu, sau da yawa rigimar barci ce irin ta yaron da ya wuni bai runtsa ba.

Ka samo shimfiɗa guda wadda za ta zama tasa. Ka ajiye ta kusa da inda kake zama. Da ya taka ta, ka ajiye ƙwayar abinci a kanta, ba a bakinsa ba. In ya kwanta, ka ajiye wata tsakanin ƙafafunsa na gaba, shiru, ba tare da zuga ba. Ka riƙa tsawaita tazarar: daƙiƙa biyar, goma, talatin, minti guda. Abin da kake saya da ladan nan shi ne alamun sakin jiki, wato ya karkata ƙugu gefe, ya ɗora haɓa a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya. In ya kwanta ne yana zuba maka ido kamar mai jiran umarni, ka ɗauke kai, ka jira. Bayan kwanaki ka fara motsi: ka miƙe ka zauna, ka je ƙofa ka dawo, ka buɗe ta. In ya tashi, ba faɗa, ka koma matakin da ya iya. In abin ya zauna a gida, ka ɗauki shimfiɗar ku je gefen fili ku zauna ba ku yin komai, duniya na wucewa.

Bayan kowace fita ka sa shi a wurin da babu hayaniya, keji ne mai faɗi da ya saba da shi ko ɗaki, da abin gwigwiya mai aminci, ya yi awa ɗaya ko biyu. Tauna da lasa suna saukar masa da tsumuwa. Dafaffen ƙashi ban da shi, yana tsagewa ya huda hanji. Kejin kuma wurin hutu ne, ba kurkuku ba, kada ya wuni a ciki. Sau ɗaya a mako ka yi ranar da babu gudu, sai shinshina da nema da barci, don ya san ba kullum ake biki ba, kai ma ranar da ba ka da lafiya gidan ya zauna lafiya.

Duk mutanen gida su yi magana da baki ɗaya. In kai ka hana shi tsalle a jikin mutane wani kuma yana rungumarsa in ya yi, wahala kawai kake.

Mataki na shida: kira ya dawo

In ka riga ka kira "zo" sau ɗari yana share ka, kalmar ta mutu, ka sauya wata ko ka koma usur, wanda ya fi kai wa nesa kuma ba ya ɗaukar fushin murya. Ka fara a ɗaki: kira ɗaya, ya zo, lada mai daɗi na musamman. Sai tsakar gida, sai fili marar kowa da doguwar igiya, sai fili mai abubuwan ɗauke hankali daga nesa. Kira ɗaya ake yi. In bai zo ba, ka taka igiyar, ka tafa, ka juya ka ruga ta wata fuskar, son korarsa zai jawo shi. Kada ka taɓa yi masa faɗa bayan ya zo, ko ya ɓata maka awa guda. Kada kuma kira ya zama alamar an tashi wasa: a kowace fita ka kira shi sau da dama, ka riƙe ɗamararsa, ka ba shi lada, ka sake shi. A watannin da tashen ya yi tsanani ka mayar da igiyar ko da a baya ka cire. Ba koma baya ba ne, domin duk ranar da ya kufce ya bi wani abu ya ji daɗinsa, aikin makonni ya rushe.

Ka haɗa da birkin makiyaya, wato "kwanta" daga nesa. Ka fara yana gabanka, sai kana taku ɗaya baya, sai biyu, kana jefa ladan inda yake kwance don kada ya taso wurinka. Kare da ya tsuma sau da yawa ya fi iya zubewa a inda yake a kan ya juya wa abin da yake bi baya.

Mataki na bakwai: bin mota da cizon dunduniya

Ka koma ga abin da ka rubuta a makon farko. In ya fara sandarewa idan babur na nesa da mita 20, ku tsaya a mita 40, inda zai iya gani kuma har yanzu yana iya karɓar abinci. Babur ya wuce, ya kalla, ka ce "yauwa", ya juyo ya karɓi lada. Ku maimaita har ya zama da ya ga babur kai yake waiwaya. Sannan ku matsa taku kaɗan. In ya ƙi abinci ko ya yi kukan kura, kun matsa da yawa, ku ja baya. Abin makonni ne, sannu ba ta hana zuwa. Kafin nan kada ka bar shi a inda zai wuni yana bin motoci ta jikin shinge, domin kowace mota da ta wuce a ganinsa shi ya kore ta.

Game da yara, raba su da shi lokacin guje-guje shi ne magani na farko, kuma ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai komai kirkinsa. Ka koya wa yaran cewa in ya biyo su su tsaya cak, su rungume hannu, su yi shiru. Abin da ba ya motsi ba ya koruwa. Kai kuma ka kira shi ka ba shi igiyar ja-in-ja ya sauke a kanta. In ka ga yana hamma, yana lasar leɓe, yana kau da kai, ko yana gurnani, ka janye yaron. Kada ka hukunta gurnani, gargaɗi ne, karen da aka hana gargaɗi cizo yake yi babu sallama. A wannan shekaru wasu sukan tsiri tsoron abin da da ba sa tsoro, kamar mutum mai laima ko buhu a gefen hanya. Kada ka ja shi dole zuwa wurin, ka ba shi tazara ya duba da kansa.

Mataki na takwas: aiki na gaske

In kana da dabbobi ko kana son ya koyi kiwo, yawancin masu horarwa sukan fara da kare yana wajen wata 10 zuwa 12, a ƙaramin shinge, da tumaki kaɗan waɗanda suka saba da kare, minti 5 zuwa 10 a kowane zama, ƙarƙashin idon wanda ya san aikin. Sana'a ce mai tsohon tarihi, an yi wata fitacciyar gasar karnukan tumaki a garin Bala na Wales tun a 1873. Abin da ba a yi shi ne sakin ɗanyen kare a kan garke don a ga abin da zai yi. Tunkiya mai ciki tana iya ɓari saboda kora kaɗai, saniya na iya karya masa haƙarƙari da shuri ɗaya, kuma a Birtaniya doka ta 1953 ta mai da laifi ne karenka ya razana dabbobin wani. Duk inda akwai dabbobin mutane, igiya.

In babu tumaki, akwai madadi. Wasan da aka ƙirƙiro a Jamus mai suna Treibball, kare ne ke tura manyan ƙwallaye da hanci zuwa raga bisa umarnin mai shi daga nesa, yana amfani da zagayen dama da hagu da ka riga ka koya masa. Akwai gasar tsallake shingaye da ratsa rami, wadda aka fara nunawa a bikin karnuka na Crufts a 1978. A Birtaniya ba a shigar da kare wannan gasa sai ya cika wata 18, don haka kafin nan ku tsaya kan sanduna a kwance a ƙasa, da rami, da taka katako a hankali. Bin sawu da hanci kuwa ana iya fara shi tun yau.

Akwai alamun da horo ba ya maganinsu. In halinsa ya sauya dare ɗaya, ko yana ɗingishi bayan wasa, ko yana jin nauyin tashi, ciwo ne ake fara nema. In yana bin wutsiyarsa ko inuwa har ba ya jin kira, ko ya faɗi yana shure-shure, domin farfaɗiya tana samun Border Collie da Australian Shepherd, ko ya yi cizon da ya fasa fata, ka ɗauki bidiyon abin da waya in hakan ba zai jefa kowa cikin haɗari ba, ka rubuta lokacin da ya faru da abin da ya gabace shi, ka kai wa likitan dabbobi a ranar.